Ƙofofi Goma Sha Ɗaya a Luton

Mai gyara ya zo da fensir a bayan kunne,
ya dubi kabad ɗin kicin, ya dube ni,
ya ce fam dubu shida.
Na ce sai na yi shawara.
Aljihuna kuwa tuni ya yanke hukunci.

Ran Asabar Sagir ya kwance ƙofofin,
muka kwantar da su a falo kan jaridu
kamar majinyata.
Na kankare maiƙon wasu mutane
da ban san sunansu ba,
na dai san suna son soya kifi.

Fenti gwangwani biyu, launin miyar kuka,
an yi ragi don murfin ya lotse.
Mariƙai daga gwanjon Lahadi:
tara 'yan uwa ɗaya, biyu agola.

Saman kanta kuwa, dutse ya fi ƙarfinmu.
Muka manna leda mai zanen marmara,
ina lallashinta da katin banki,
aikin kirki na farko da ya yi a watan nan.
Iska ta maƙale a gefen famfo, ta ƙi fita.
Na ɗora mata kwalbar yaji.

Yayyafi ya hana fenti bushewa,
kwana huɗu muna cin burodi a tsaye.

Hindatu ta zo, ta shafa, ta ce, "Nawa?"
Na ce, "Zauna, shayi zai huce."

Ƙofa ta bakwai har yau a karkace take.
Sagir ya ce gobe.
Nakan tura ta da gwiwa in na wuce.