Buhun Da Bai Ɓata Ba

Bappa Manu ya ce, "Tunda kin koyi abin,
sa na'urarki ta karɓi lissafin nan,
idona ya gaji da littafi mai tabon manja."
Na ce to, baki har kunne.
Layi ashirin da uku na rubuta daren Talata,
kafin a ɗauke wuta a Bolari,
na kwanta ina jin kaina kamar wadda ta gina gada.

Laraba motar Kumo ta sauke masara a Tudun Hatsi.
Direba ya ce arba'in.
Kwamfuta ta ce talatin da tara.
An riga an jibge su kan na shekaranjiya,
wa zai warware tsibi da la'asar sakaliya?
Bappa ya dubi allo, ya dubi tsibi,
sannan ya dubi Lamara,
mai shekara goma sha ɗaya yana dako a ƙofar nan,
ko ƙwayar gero ba ta taɓa bin aljihunsa ba.
Ba wanda ya ce uffan.
Lamara ya naɗe gammonsa a hankali,
ya tafi bai tsaya shan ruwa ba.

Ƙwaro suke kiransa a aji.
Ranar da na fara ji dariya na yi:
'yar gidan hatsi ce ni, na san ƙwaro,
buhu daga waje lafiya lau,
ka soka hannu ka ji gari.

Da ma waƙafi na manta,
ko baka na buɗe ban rufe ba,
da ta yi kururuwa da jan rubutu,
ta nuna layin da yatsa.
Wannan kuwa mai ladabi ne,
ya gaishe ka, ya ba ka amsa,
amsar ce kawai ƙarya.

Na karanta daga sama zuwa ƙasa, sau bakwai.
Ido yana ganin abin da na yi nufi,
ba abin da na rubuta ba.
Caji ya koma ashirin da biyu.
Na zargi kwamfuta, na zargi zafi,
har direba na zarga, Allah ya yafe min.

Sai na tuna Malama Barira, alli a hannu:
"Kada ku yi musu da ita.
Ku rage mata kaya,
ku sa ta faɗi abin da ta riƙe a kowane taki."

Na zubar da arba'in, na ba ta buhu uku kacal,
na raɗa musu suna don kada su ɓace min:
Fari, Ja, Mai Faci.
Na ce kira su in ji.
Ta ce: Ja.
Ta ce: Mai Faci.
Ta yi shiru.

Ina Fari?

Yana nan tun farko, a bakin ƙofa,
a gurbin da ita take kira sifili.
Ni na ce mata fara daga ɗaya,
ita kuwa ta bi umarnina sak,
ta tsallake na farko kullum, ba ƙeta, ba kunya.

Lamba guda na goge.
Lamba guda na sa.
Fari, Ja, Mai Faci.
Na mayar da na Kumo: arba'in cif.
Na gwada da buhu ɗaya, na gwada da babu,
don wanda maciji ya sara, igiya ma tsoronta yake.

Da sassafe na riga mai shayi isa kasuwa.
Bappa ya ji, ya daɗe yana murza carbi,
sannan ya aika a kira Lamara,
ya ɓare goro, ya miƙa masa ɓari mafi girma.

Lamara ya leƙa allon daga nesa.
"Ashe ita ma tana kuskure?"

Na ce, "Ba ita ba ce, Baba. Ni ce."

Ya tauna goronsa, ya ɗora gammo.
Motar Dukku ta riga ta tsaya.