Saƙon Mai Haƙar Rijiya

Alkasum, hotonka ya iso jiya bayan la'asar.
Ƙanwarka Tsahara ta riƙe mini wayar.
Na ga dutse ya yafa farin mayafi har ƙafa,
kai kuma ɗigo a gefensa,
kamar ƙuda a bakin ƙwaryar nono.

Ban taɓa taka ƙanƙara ba.
Wadda na sani ita ce ta kasuwar Tawa,
ta cikin leda, dala biyar,
kafin ka kai gida ta koma ruwa.
Amma na haƙa rijiya arba'in da ɗaya
daga Badagishiri zuwa Buza,
kuma na san irin ƙaryar
da abu ke yi in yana kwance kan wani abu.

An ce taku hawa-hawa take zuba,
ta jiya a kan ta shekaranjiya.
Haka ƙasa take, ɗana.
Laka a sama, sai tsakuwa, sai jan marmara,
can ƙasa kuma wani siririn rairayi
mai laushin garin gero.
Shi ne munafukin.
Tona ka gan shi kafin ka ba shi nauyinka.

Nomau bai tona ba. Ni ma ban tona ba.
Gaɓar ƙorama ce, bayan ruwan dare,
muna ɗibar yashi ran da babu aikin rijiya.
Gaɓar ta yi nishi sau ɗaya, ƙasa-ƙasa,
kamar saniya ta kwanta.
Mun ji.
Wallahi mun ji, har wani ya yi dariya.
Mota na jira, direba na matsa oda,
ban gama ɗaga felu ba, ta sauko.

Mu shida muka tona, farce ya ƙare, jini ya zo.
Wanda aka rufe, lokacinsa bai fi
tsakanin kiran magariba da sallamewa ba,
mu kuwa muka ɓata shi a inda ba ya nan,
kamu uku kacal daga kansa.
Hularsa muka fara samu.

Tsahara ta ce kuna rataya wani abu a ƙirji
mai kuka ko daga ƙarƙashin farin nan.
Da Nomau na da shi!
Sa shi cikin riga, kada ka jefa shi a jaka,
ka gwada batirinsa tun kana bakin ƙofa.
Doguwar sandar caka da felu
kada ka bar su don nauyi,
ba don kanka kake ɗaukar su ba.

Ba mu taɓa shiga rijiya mu biyu ba:
ɗaya ya sauka, ɗaya ya riƙe igiya.
Ku ƙetare gangare haka, ɗaya-ɗaya,
sauran na tsaye a tudu, ido a kanka.

Tambayi masu tsaron dutsen da asuba.
In sun ce iska ta kwana tana jibge sabuwa,
ko rana ta yi ɗumi, farin ya soma gumi,
in ka ga tsaga ta riga ƙafarka gudu,
in ka ji nishin nan,
juya.
Bari abokai su yi dariya.
Tsoro na daji ne, kunya ta gida,
dutsen kuma ba ya zuwa ko'ina.

Uwarka ta shanya maka cuku a rufin ɗaki,
tana korar kaji, tana neman mai tafiya.
Ta ce in tambaye ka ko kana da safa mai kauri.
Ita fari kawai ta gani a hoton, ta ce ya yi kyau.
Na ce ya yi.

Kira ran Juma'a, bayan an sauko.
Zan zauna kusa da wayar.