Cigiyar Ƙarfe

Kakana Barmo da bagaruwa ya yi jima.
Ruwan da ya zubar a bayan gida
kaji na sha, su koma kiwonsu.

Yau kwatar da ta biyo bayan majema
koriya ce shar, amma ba koren ganye ba.
Kwaɗi sun yi ƙaura tun bara.
Iro mai lambu ya ɗaga min ƙafarsa,
faso ya ci har nama,
ya ce, "Ke da kika yi boko, mene ne sunan abin?"
Na ce kuromiyom.
Ya gwada faɗa sau biyu, ya tofar da yawu.

Jarka ɗaya na ɗebo.
Ɗan acaɓa ya toshe hanci tun daga Ƙofar Marusa,
ya ƙara min kuɗi.

A ɗakin gwaji na tsoma faranti biyu a kwalba,
suna fuskantar juna ba sa taɓa juna,
kamar surukai a zaure.
Jar waya nan, baƙar waya can.
Sai aka ɗauke wuta.
Na zauna a duhu ina jin ƙarar sauro,
ina tuna hannun Barmo.

Ƙarfe ɗaya da kwata aka dawo da ita.
Kumfa ta fara tashi, ƙanana-ƙanana,
kamar kunu na shirin tafasa.
Ban ga tafiyarsa ba.
Wa ya taɓa ganin gishiri na tafiya a miya?
Amma kafin kiran assalatu
faranti ɗaya ya yi furfura,
ruwan kuma ya koɗe.

Ashe ƙarfen ba mugu ba ne, ɓata ya yi,
akuya ce a gonar wani.
Lantarki ya kira sunansa, ya taho gida.

Na kankare, na ɗora a ma'auni:
bai kai nauyin ƙwayar gyaɗa ba.
Kwalbata lita biyu ce,
kwata kuwa ba ta barci.
Wannan lissafin na yi shi sau uku,
bai canja ba.

Da hantsi na kai wa Iro ƙullin a takarda.
Ya juya shi a rana, yana ƙyalli,
ya ce, "Ruwan fa? In ba latas ɗina?"
Na ce tukuna.
Ya ce, "To, ga wata jarkar."