Hawayen Ƙusa

A Bulangwa, da ruwan Shari ya ja baya,
muka kifar da jirgin Kawu Cindo a kan yashi.
Ƙarƙashin kowace ƙusa akwai zirin ja,
kamar ta kwana tana kuka
babu wanda ya ji.

Na ce a ba ni soso da sabulu.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
Tsatsa ba dauɗa ba ce, yaro,
ƙarfe ne ke cin kansa.

Ya jawo jarka daga bayan rumfa,
mai zanen ƙoƙon kai da ƙashi biyu.
Rubutun jikinta Faransanci ne, ban iya ba,
amma na karanta hannunsa na hagu:
bayan yatsu uku fari fat,
a tattare kamar ganda ta sha wuta.

Sa safar roba har gwiwar hannu, in ji shi.
Rufe idonka da tabarau.
Watsa yashi sama, ka ga inda iska ta nufa,
ka ba ta baya.
Ruwa ke fara shiga bokiti,
asid ya biyo a hankali,
kamar mai bin surukinsa bashi.
In ka juya musu, sai ya tofa maka a fuska.
Kuma ko a mafarki kada ya gamu da jabel,
hayaƙin da suke haifa
ba ya sallama kafin ya shiga ƙirji.

Na shafa. Na jira.
Jan ya koma ruwan ɗorawa, ya saki katako,
ya gangara cikin daron da muka tara.

Da Tasalla ta kawo mana ɗumame,
na ɗauki kwalbar lemon da ta bari
zan juye sauran, kada a yi asara.
Ban ga tasowarsa ba,
sai kwalba can tana birgima.
A gidanmu akwai yara bakwai, ya ce,
ƙishirwa kuwa ba ta karatu.

Muka barbaɗa kanwa a daron
har ya gama kumfa da huci,
muka kai shi rami, nesa da gaɓa.
Kogin da ke ba ka karfasa
ba a saka masa da wannan.

Sai a lokacin na ji cizo a dantse,
ɗigo ɗaya, daidai inda safa ta ƙare.
Ya riƙe ni, yana kwarara ruwa,
buta ta ƙare, ya ce a ƙaro,
har aka kira la'asar bai sake ni ba,
bai kuma ce ai na faɗa maka ba.

Jirgin ya koma ruwa ranar Laraba.
Ƙusa ɗaya kusa da inji
ta riga ta soma sabon kuka.