Motar da Ba Ta Tari

Shekara talatin da ɗaya ina gyara a Jekadafari,
da kunne nake cin abinci.
Mota ta kunno kai daga bakin titi tana tari,
tun ba a kashe ta ba na san ciwonta:
wannan fulogi ne, waccan kafireta,
waccan kuwa direbanta ne ba shi da imani.

Ran Talata bayan la'asar,
ina wanke hannu da kalanzir,
sai ga wata fara tsaye a bayana,
ba gurnani, ba hayaƙi,
ko kazar maƙwabta ba ta matsa ba.
Malama Dija ta fito da fararen kayan asibiti,
ta ce, "Baba Manga, duba min ƙafar gaba, tana kuka."
Na ce, "Madalla, ashe akwai inda take da baki."

Sabo ya sa na ɗaga murfin gaba.
Ba bel, ba lagireto, ba sandar auna baƙin mai,
sai wayoyi ruwan lemo masu kaurin rake.
Yarona Jibir ya kai hannu,
na buge shi da sifana:
abin da bai gaishe ka ba, kada ka shafa kansa.

Ta ce ta manta layin gidan mai,
tun azumi ba ta gaisa da ɗan bumburutu ba.
Rana ke ciyar da motar,
daga faranti goma sha biyu a kan kwanon gidanta.
Na ɗaga kai na dubi ranar Gombe
da ta gasa min ƙeya tun ina ɗan koyo.
Ashe tana da kyauta ban da zufa.

Na ce, "To, Bauchi fa?"
Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Ta je lafiya. A dawowa, bayan Alkaleri,
allo ya koma ja.
Ta kashe sanyi, ta kashe rediyo, ta bar salati.
Ba galan da za a ba ɗan acaɓa ya ciko.
A Bara ta kwana, gidan wani mai walda,
motar da ba ta shan mai
tana tsotson janareta har asuba,
shi kuwa yana kwankwaɗar man su biyu.

Na kwanta na leƙa ƙasanta.
Ga batirin shimfiɗe kamar katifar ƙarfe.
Ran da ya tsufa, in ji ta,
kuɗin sabo zai sayi fili a Tumfure.
Ni kuwa bayan rumfata na tuna,
inda muka zubar da ruwan ƙananan batura:
damina bakwai, ko tafasa ba ta fito ba.
To wannan mai nauyin bijimi,
a ƙofar wa za a yar da shi?
Dutsen da ke cikinsa kuma, gonar wa aka farke?

Ina cikin lissafi tari ya kama ni,
irin wanda ke tashin iyalina da tsakar dare.
Ta tsaya, ta karkata kai,
kamar yadda nake wa motocin mutane.
"Baba, tun yaushe?"
Na ce sanyi ne.
Ta dubi bakin salansar tifar da ke ɗumi kusa da mu,
ta ce, "Ka zo ran Alhamis. Kada ka karya."

Bushi ne ya cinye. Na canza, na karɓi dubu uku.
Ta tafi ban ji tafiyarta ba,
sai sawun taya a kan baƙin man da ya jiƙe ƙasa.

Da dare na iske Jibir a kan benci,
ya kifa kai cikin waya, yana zana wayoyi ruwan lemo
a bayan kwalin fulogi.
Ya yi sauri zai ɓoye.
Na ce, "Matsa. Wannan ina ta nufa?"