Kashi Arba'in

Ƙarfe tara na dare a Gombe,
janareto na gunaguni a bayan ɗakin hoto.
Buba Siddi ya koma gado na shida,
ya bar mini ƙirjinsa a kan allo.

Da hantsi muka ɗura masa sukari mai haske ta jijiya.
Naman da ya fi haɗama shi ya fi sha,
ga shi nan yana ci kamar garwashi
ƙarƙashin haƙarƙari na huɗu, ta hannun dama.

Tsakiyar garwashi ba ta da gardama.
Gefen ne.
Ja ya koma ruwan goro, ruwan goro ya koma toka,
babu inda aka rubuta: nan cuta ta tsaya.

Ƙa'ida ta ce a nemo ɗigon da ya fi kowa haske,
a ɗauki kashi arba'in na haskensa;
wanda ya kai, ɗan ciki ne,
wanda bai kai ba, a sallame shi.

Na sa arba'in, zobe ya fito kamar ɗan dabino.
Na sauko talatin, ya kumbura,
ya miƙa hannu ya kamo naman da bai ci ba bai sha ba.
Na hau hamsin, ya tsuke, ya yi kyau a ido,
amma ni 'yar manomi ce, na san gyauro:
abin da aka bari a ƙasa, ruwan farko yake jira.

Buba masunci ne daga Dadin Kowa.
Muna jiran allura ta zaga jikinsa
ya ba ni labarin tsibirin da yake shanya taru.
"Ba shi da girma ɗaya, 'yata.
In ruwa ya cika, bai wuce tabarma ba,
in ya janye, har masara za ki shuka."
Na yi dariya. Ban gaya masa ba
yau ni ke riƙe da ƙofar dam,
tsibirin kuwa yana cikin ƙirjinsa.

Ga zuciya can gefe, ita ma tana haske,
ba don laifi ba, don aiki.
Dakta Lamela kan ce in duba maƙwabta tukuna:
aci-bal-bal a dokar daji daban,
aci-bal-bal a tsakiyar Tashar Dukku daban.
Na auna hasken kewaye, na sake lissafi.

Arba'in da uku.

Jibi masu gashi za su bi wannan layi,
abin da ke ciki ya ƙone, na waje ya tsira.
Na sake zagaya shi sannu, ɗigo bayan ɗigo,
yadda babana ke bin gambar iyaka kafin shuka.

Na'ura ta ba da lamba, amma ba ta sa hannu.
Akwai gurbi a ƙasan takarda.
Na rubuta: Asabe Yerima.
A baranda matarsa na tambayar mai gadi
ko an yarda ya sha kunu.