Rubutun Baibai

Ƙarfe biyun dare a Dandi,
ruwa na tsiyaya a gilashin bene na huɗu,
fitilun gadar Tay sun jiƙe sharkaf.
Ni kaɗai, sai gurnanin firji
da 'yan kwalabe goma sha biyu da na jera tun la'asar.

A aji an koya mana:
littafi na ƙuryar ɗaki, a kulle,
daga shi ake kwafo wasiƙa,
wasiƙa ta fita ta zama aiki.
Ruwa ba ya hawa tudu, in ji malam.

Sai ga baƙo, ko ƙura ta fi shi girma,
da 'yar wasiƙarsa, da alƙalaminsa a aljihu.
Ya zauna ya mai da wasiƙa shafi,
ya ɗinke shi a tsakiyar littafin mai gida.
Gobe mai gida ya buɗe,
ya karanta da muryarsa,
bai san ba hannunsa ba ne.

Haka aka yi wa Kawu Barau,
tela a bakin tashar Funtuwa.
Ya rame har zobensa ya suɓuce cikin kwanon miya.
Aka ce shawara ce. Aka ce sammu.
Ƙwayar da ke karya alƙalamin baƙo
ta iso garinmu shekara uku bayan an binne shi.

Da wannan fushin na hau jirgi.
Da shi nake sa safar hannu kullum.

Jiya, wajen shan shayi, Morag ta dubi cikina,
wata biyar ke nan, rigar aiki ba ta ɓalluwa,
ta ce: ai kashi takwas cikin ɗarin littafinmu
tsofaffin baƙi ne suka rubuta,
tun kafin a yi mutum.
Har mabiyiyar da ke ciyar da ɗanki,
da aron shafinsu aka gina bangonta.

Na ajiye kofi.
To wa zan tsine wa, Kawu?
Zuriyar ɓarawon da ya shigo maka
ita ta haƙa rijiyar da jikanka ke sha.

Na'ura ta yi ƙara, ta gama juyi arba'in.
Layi ya fito a kwalba ta bakwai, siriri.
Yaron ya shure ni a ƙasan haƙarƙari.
Na cire safa, na ɗauki biro,
na rubuta kwanan wata,
hannuna na ɗan rawa.